Hanifa ta yi ta ihu a Hawan Kibo, yanzu kuma kunnenta na zubar da ruwa

Maman Hanifa: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah a taimaka min da shawara, kaina ya ɗaure. Ranar Juma'a muka tashi daga Jos zuwa Abuja bikin ƙanwar maigidana, ni da Hanifa, shekararta ɗaya da wata takwas. Dama tun farkon satin take fama da mura, kun dai ga sanyin da aka shiga. Lafiya lau muka wuce Bukuru, tana barci a jikina. Muna fara gangara Hawan Kibo yarinyar nan ta farka da wani irin ihu, tana cakumar kunnenta na dama. Nono ta ƙi, ruwa ta ƙi, har Akwanga ba ta yi shiru ba. Kwana biyun da muka yi a can, zazzaɓi da kukan dare ne kawai. Jiya da asuba sai na ga filo ya jiƙe da wani ruwa mai yauƙi, ruwan ɗorawa, kuma tun daga lokacin ta daina kukan, har wasa take yi. Mun dawo gida yau. Hajiyarmu ta ce beli ne ya sauko, gobe a kira wanzami. Maƙwabciyata ta ce in ɗiga mata man zaitun. Ni abin da ya ɗaure min kai, ina ruwan mura da kunne? Ina kuma ruwan hanya?

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Maman Hanifa, kafin a shiga dogon zance: kada ki ɗiga komai. Ba man zaitun ba, ba ruwan nono ba, ba ruwan albasa ba, ba maganin kemis ba. Ki goge abin da ya fito waje da tsumma mai tsabta, kada ki tura tsinken auduga ciki, in za ki yi mata wanka kada ruwa ya shiga. Gobe da safe asibiti, a haska kunnen. Wanzami kuma a ba shi haƙuri. In kin ga bayan kunnen ya kumbura ya yi ja, ko ta sanƙare wuya, ko ta yi laushi tana ta barci, to ba sai gobe ba, a daren nan za ku fita.

Mai Sharon: Allah ya ba ta lafiya. Ni shekarata 14 ina bin hanyar nan, kuma wallahi duk lodin da na ɗauko da jariri, na san a Hawan Kibo za a yi kuka. Mu kanmu kunnenmu yakan yi dum, sai ka yi hamma ka ji ya ce ɓas. Ga wani abu kuma: in na shanye ruwan gora a Jos na rufe ta da kyau, kafin Akwanga sai in ga ta lotse kamar an matse ta. In kuwa daga Abuja na taso, ledar biskit sai ta kumbura kafin mu shigo gari. Yaran tasha suna cewa aljanun dutsen ne.

Ɗan Rikkos: Aljanu masu shan iskar gora, hhhh. Allah ya shirye ku 'yan tasha.

Malam Mai Alli: Mai Sharon, ai ka gama ba da amsar, ba ka sani ba. Ni abin da nake koya wa ɗaliban nas ke nan, bari in shimfiɗa shi yadda kowa zai gane.

Kunne ɗaki uku ne a jere. Na farko shi ne wanda muke gani, da ramin da ke shiga ciki, tsawonsa wajen santimita biyu da rabi. A ƙarshen ramin an ɗinke shi ruf da dodon kunne, wata fata mai faɗin kusan santimita ɗaya, siririya kamar takarda. Ba ƙofa ba ce, bango ne. Bayan wannan fata akwai ɗaki na biyu, ɗan ƙarami, an sassaƙa shi cikin ƙashin ƙoƙon kai, kuma iska ce a cikinsa. Shi ne kunnen tsakiya. Ɗaki na uku yana can ciki, cike da ruwa, a naɗe kamar katantanwa, a nan jijiyar ji take.

To ɗakin tsakiyar nan, tunda dodon kunne ya rufe shi ta waje, ta ina yake samun iska? Ta baya. Akwai wani bututu da ya taso daga cikinsa ya gangaro ya ɓullo a saman maƙogwaro, daidai bayan hanci, sama da ganɗa. A babban mutum tsawonsa wajen milimita 35. Kashi ɗaya cikin uku na wajen kunne ƙashi ne, sauran kashi biyun na wajen maƙogwaro guringuntsi ne da nama. Wani masanin sassan jiki ɗan Italiya, Bartolomeo Eustachi, shi ya yi bayaninsa dalla-dalla a shekarun 1560, shi ya sa har yau da sunansa ake kiran bututun. A rufe yake zama. Sai ka haɗiyi yawu ko ka yi hamma, wata tsoka ta ganɗa ta ja bakinsa, ya buɗe na ɗan lokaci, iska ta wuce. Wannan ɓas ɗin da kake ji, buɗewarsa ce.

Yanzu ga hanya. Jos tana kan tudu, wajen mita 1,200 sama da teku. Tsakiyar Abuja kuwa wajen mita 500. Duk yadda ka yi ƙasa, iska tana ƙara nauyi. Gorarka ta rufe iskar Jos marar nauyi a cikinta, ta waje ta fi ta ƙarfi, sai ta lotsa ta. Kunnen tsakiya gora ce, dodon kunne shi ne jikin gorar, bututun nan shi ne murfi. Mai lafiya zai haɗiyi yawu, murfi ya buɗe, a daidaita. Hanifa mura ta kumbura mata bakin bututun, majina ta liƙe shi. Mota na gangarawa, iskar waje na tura dodon kunnenta ciki, ba hanyar daidaitawa. Dole ta yi ihu, abin da zafi.

Maman Hanifa: Ikon Allah. To Malam, ruwan fa? Hanyar ce ta fasa mata kunne?

Malam Mai Alli: Ban gan ta ba, likita ne zai tabbatar, amma yadda kika ba da labarin, hanya ta tono ciwo ne kawai. Ɗakin da aka toshe masa iska yakan fara tara ruwa. Ƙwayoyin cuta na hanci su biyo bututun su hau, ruwan ya zama mugunya, ta cika ɗakin, ta yi ta tura dodon kunne waje. Kukan daren nan da zazzaɓin ke nan. Da fatar ta kasa jurewa sai ta huje, mugunya ta fito, zafi ya sauka. Kamar maruru ne in ya fashe. Shi ya sa kika ga tana wasa. Shirun nata ba warkewa ba ce.

Anti Nas: Nan ne iyaye da yawa suke yaudaruwa. Yaro ya yi shiru, sai a ce an rabu da Bukar. Irin wannan hujin yawanci yana haɗewa da kansa cikin 'yan makonni in an kula da shi, an bar kunnen a bushe. Amma in aka bari ruwa ya yi ta zuba ya wuce sati biyu, ya fara zama ciwo mai zama, shi ne za ki ga yaro ɗan firamare kunne na wari, ƙudaje na bin sa, malami na magana yana kallon bakinsa. Na ga irinsu ba adadi, kuma kusan kowanne in ka tambaya, da mura aka fara.

Jikan Wanzamai: Da izinin manya. Ni fa ban ji daɗin yadda aka yi watsi da maganar Hajiya ba. Kakana shekara da shekaru yana cire beli a Dilimi, mutane na kawo yara masu zazzaɓi da ƙin cin abinci, a cire, su warke. Kuma Malam, da bakinka ka ce kunne a haɗe yake da maƙogwaro. To ashe iyayenmu sun riga ku ganowa. Don me idan su suka faɗa sai a ce camfi, idan Bature ɗan Italiya ya faɗa sai a ce ilimi?

Malam Mai Alli: Allah ya jiƙan kakanka, kuma ban raina idonsu ba. Sun lura cewa ciwon wuya da ciwon kunne tare suke tafiya, kuma gaskiya ne, har ta hanya biyu ma. Ta farko bututun nan. Ta biyu jijiya: jijiyar da ke ɗauko raɗaɗi daga bangon maƙogwaro da tonsil, wato ƙullutun naman nan biyu da ke gefe da gefen maƙogwaro, reshenta ne ke shiga kunnen tsakiya. Shi ya sa mai ciwon maƙogwaro in ya haɗiyi abu sai ya ji sukan har kunne, alhali in aka haska kunnen lafiyarsa lau. Inda muka rabu da su shi ne wanda ake tuhuma. Beli yana rataye ne a ƙarshen ganɗa, a tsakiya, kowa na ganinsa in an buɗe baki. Bakin bututun kuwa yana sama, a gefe, bayan hanci, inda ido ba ya kaiwa sai da madubi ko na'ura. Yanke beli ba ya buɗe shi. An kama wanda aka gani ne, ɓarawon yana bayan labule.

Warkewar da kake magana kuma, mura da yawancin ciwon maƙogwaro na yara suna wucewa da kansu cikin kwanaki. A cire ko kada a cire, yaron zai miƙe. Sai aska ta karɓi yabo.

Jikan Wanzamai: Wannan kuma fassararka ce Malam. Mu mun gani da idonmu.

Ummu Abdallah: Mu ma mun gani da namu idon. Ɗan yayata aka cire wa yana wata biyar, jini ya ƙi tsayawa, yaro yana haɗiya ba a sani ba, sai da ya yi fari fat. Leda aka ƙara masa kafin ya dawo. Ban ce kowa haka ba ne, amma ni dai an gama da ni.

Jikan Wanzamai: Wannan bai iya ba ne. Ko a asibiti ai ana kuskure.

Anti Nas: Ana yi, ban musa ba. Amma ɗan'uwana, ka ajiye maganar gado gefe, ka dubi yarinyar nan. Tana da zazzaɓi, ba ta cin abinci sosai, kunne na mugunya. A ƙara mata da ɗanyen rauni a maƙogwaro? Da me za ta haɗiya? Haɗiyar nan fa ita ce ke buɗe bututun. Ban ma kawo zancen tsatsa da cutar tetanus ba, ko askar da aka yi wa wani da ita. Idan da gaske akwai naman da ke toshe bututun, to wani ne daban, yana can bayan hanci kusa da bakin bututun, ɗan'uwan tonsil ne. Yaron da nasa ya yi girma za ki gan shi kullum baki buɗe, yana minshari kamar tsoho, kunne kuma ba ya rabuwa da ruwa. Wannan likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne ke duba shi, kuma ba da aska a zaure ba.

Hajiya Babba: Ku yi a hankali 'ya'yana, ana neman lafiyar yarinya ne ba cin gasa ba. Ni tambayata, me ya sa yara ne abin ya fi damu? Na haifi tara, babu wanda bai yi ciwon kunne ba, amma da sun shiga makaranta sai ya bari.

Malam Mai Alli: Ranki ya daɗe, ginin ne bai gama ba. Bututun jariri kusan rabin na babba ne a tsawo, wajen milimita 18, kuma kusan a kwance yake. Na babba ya gangaro sosai, kamar indararo mai kyau, abin da ke ciki ya zubo maƙogwaro, na maƙogwaro ya sha wuyar hawa. Na jariri indararo ne da magini ya kafa a kwance. Ga shi da laushi, ga mura ba ta ƙarewa. Yayin da fuska ke tsawo bututun na ƙara tsawo yana gangarowa, wajen shekara bakwai ya kusa zama irin na manya. Yaran da aka haifa da tsagaggiyar ganɗa su suka fi kowa shan wannan wahala, don tsokar da ke jan bututun ba ta zauna daidai ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa makullin kunne a ganɗa yake.

Anti Nas: In ƙara da abin da muke yi da hannunmu. A kwantar da jariri flat a cusa masa fida ya yi barci da ita, madara na taruwa daidai bakin bututun. A rufe ɗaki ruf saboda sanyi a kunna gawayi, ko turaren wuta har ba a ganin juna, ko maigida ya kunna sigarinsa. Hayaƙin nan duk kumbura hanci yake yi. Nonon uwa yana rage ciwon, haka allurar rigakafin da ake yi a sati 6 da 10 da 14, don a cikinta akwai ta ƙwayar nimoniya, kuma ita ma ƙwayar tana cikin masu hawa kunne.

Ɗan Rikkos: Anti ta taɓo turaren wuta, yanzu mata za su fita daga gidan nan gaba ɗaya.

Alaramma na Gangare: Allah ya saka da alheri, na ƙaru. Amma zancen nan ya taɓo wata mas'ala da ake yawan kawo min a watan azumi. A fiƙihunmu na Malikiyya, abu mai ruwa in ya isa maƙogwaro, ko ta hanci ne ko ta kunne, azumi ya karye. To yanzu Malam yana cewa kunne a ɗinke yake. Ni kuma na taɓa ɗiga magani a kunnena na hagu, ban daɗe ba na ji ɗacinsa a maƙoshi. Ba labari aka ba ni ba. Yaya ke nan?

Malam Mai Alli: Allah gafarta Malam, hukunci naku ne, ni gini kawai na sani. In dodon kunne lafiyayye ne, abin da aka ɗiga a rami yake tsayawa, ba ya ƙetarawa. In kuwa akwai huji, zai shiga ɗakin tsakiya, ya bi bututu ya sauko maƙogwaro, mutum ya ji ɗaci. Wannan kunnen naka, ya taɓa zubar da ruwa?

Alaramma na Gangare: Lallai kam. Ina ƙarami a tsangaya ya yi shekaru yana ruwa. Har yau ba na ji sosai da shi, in ana min magana sai na juya dama. Ashe da dalili.

Malam Mai Alli: To ka je a haska, wataƙila hujin yana nan tun lokacin, kuma irin wannan ana iya yi masa faci. Kafin nan kada ka sake ɗiga abin da likita bai rubuta ba, don akwai magungunan ɗigawa da in suka ƙetare huji suna iya lahanta jijiyar ji ta can ciki. Ka kuma kiyaye ruwa wajen wanka.

Alaramma na Gangare: Ka ga kuwa maganar malamanmu ba ta faɗi ba, ai sun ɗora hukuncin ne a kan isowa maƙogwaro. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma, a zamanta na Jidda a 1997, ta ce maganin ɗigawa a kunne ba ya karya azumi matuƙar mutum bai haɗiye abin da ya sauko maƙogwaro ba. Ni dai abin da zan ci gaba da cewa mutane, wanda zai iya bari sai dare, ya bari.

Ɗan Rikkos: Wai ashe mutumin nan na tashar Bauchi Road da ke zuƙar sigari ya toshe hanci ya fitar da hayaƙi ta kunne, ba tsafi ba ne? Mun sha ba shi naira hamsin muna yara.

Mai Sharon: Kunnensa ne a huje, kun yi ta biyan kuɗin kallon ciwo.

Ummu Abdallah: Malam, wai da gaske akwai ƙashi a cikin kunne? 'Yata ta zo min da zancen daga makaranta na ce ta daina shirme.

Malam Mai Alli: Ki ba ta haƙuri, uku ne ma, kuma sunayensu kamar a Hausa aka raɗa. Na farko guduma, mariƙinta a manne yake da dodon kunne. Na biyu uwar maƙera, a kanta gudumar ke zaune. Na uku likkafa, kuma in kika gan shi, sak likkafar da mahayi ke zura ƙafa ranar hawan sallah, sai dai bai wuce milimita 3 ba, ƙwayar shinkafa ta fi shi. Babu ƙashin da ya kai shi ƙanƙanta a jikin mutum. Sauti ya kaɗa dodon kunne, guduma ta motsa, ta miƙa wa maƙera, maƙera ta miƙa wa likkafa, likkafa ta dinga tura wata 'yar taga da ke jikin ɗakin ruwa. Dodon kunne ya ninka tagar nan faɗi kusan sau 17, to duk ƙarfin da ya tara a kan ɗan wurin nan yake sauka, da taimakon ƙasusuwan ya kai wajen ninki 20. Ba don haka ba, da sauti ya doki ruwan ya koma, kamar mai kiran wanda ya nutse a kududdufi.

Kuma duk wannan sai a cikin iska yake aiki. Ku cika kalangu da ruwa ku ga ko zai yi magana. Akwai yaran da bayan mura ruwa mai kauri yake kwanciya a ɗakin nan wata da watanni, ba zafi, ba zazzaɓi, ba abin da ke fitowa. Sai dai a ce yaro ya cika taurin kai, ana kira yana banza da mutane, yana ƙure ƙarar talabijin, ko magana ta yi masa nauyi. Wani har mari yake sha a kan haka, marin da shi kansa yana iya fasa dodon kunne. Yawanci ruwan yana janyewa cikin wata uku. In ya ƙi, akan sa ɗan ƙaramin bututu a jikin dodon kunnen, iska ta riƙa shiga ta waje kafin na ciki ya gyaru.

Hajiya Babba: Allah sarki, na tuna shekarar da muka je Makka, da jirgi zai sauka Jidda ji na yi kamar ana soka min allura. Tashi bai dame ni ba, saukar ce.

Anti Nas: Haka yake Hajiya. Fitar iska daga kunne ta fi sauƙi, ita ke tura bututun da kanta. Shiga ce sai an buɗe mata. Shi ya sa gangara Hawan Kibo ta fi hawansa ciwo. Babba ya tauna cingam, ko ya toshe hanci ya haɗiyi yawu, ko ya toshe hanci ya rufe baki ya hura a hankali, ba da ƙarfi ba, kuma ban da lokacin da hanci ke cike da majina. Jariri a tashe shi kafin a fara gangara a ba shi nono, don mai barci ba ya yawan haɗiya. Ku manya kuma, wanda kunnensa ɗaya ya toshe ya yi makonni ba mura ba komai, ya je a leƙa masa bayan hanci, kada ya tsaya sakace da gashin kaza.

Maman Hanifa: Salamu alaikum, mun dawo daga asibiti. Yadda kuka faɗa haka likita ya ce. Ya haska, akwai ɗan huji a na dama, na hagun ma ya yi ja amma bai fashe ba. An ba ta maganin sha, an ce kada ruwa ya shiga, mu koma bayan sati biyu a duba ko ya haɗe. Hajiya da kanta ta raka mu, don Baban Hanifa ya ce ba zai iya faɗa mata a fasa wanzami ba, sai dai ta ji daga bakin likita. Har ta sa aka buɗe bakin yarinyar aka nuna mata belin, ta leƙa ta ce to ai ga shi nan ya yi ja. Likita ya yi dariya ya ce murar ce. Ba ta ce ta yarda ba, amma ta aika a ce wa wanzamin sai an neme shi.

Jikan Wanzamai: Allah ya ƙara sauƙi. Ni dai ina nan a kan bakata, amma tunda kunne ne ya huje, wannan ba aikinmu ba ne dama.

Alaramma na Gangare: Allah ya ba ta lafiya. Anti Nas, wace rana masu duba kunne suke zama? Zan shigo da nawa.

Mai Sharon: Maman Hanifa, in za ku sake tafiya ki yi min magana, kujerar gaba taki ce. Daga yau ina isa Riyom zan riƙa cewa masu goyo su tashi 'ya'yansu.